Kundin aikin littafin aljihu: kowane ciwo shafi ɗaya

14 ga Janairu, 2025

A taron sashe na yau an amince mu haɗa ɗan littafin aljihu don sabbin likitoci da ma'aikatan jinya da ake turo mana ɗakin duba marasa lafiya na iyali. Ni aka ɗora wa rubutun. Babbar nas da mai kula da ɗakin magani su ne masu tacewa, kuma an ba su ikon soke duk layin da bai yi musu ba.

Ƙa'ida guda muka gindaya: kowane ciwo shafi ɗaya, ba ƙari. Shafin zai kasu gida uku. Gidan sama, abin da in ya kuɓuce wa likita mutum zai iya rasa rai ko gaɓa. Gidan tsakiya, abin da za a yi yau. Gidan ƙasa, abin da za a gaya wa majinyaci kafin ya tashi daga kujera, wato kwana nawa ciwon zai ɗauka da alamun da in ya gani ya dawo ba sai ranar da aka sa masa ta yi ba.

Wani ya tambaya me za mu ƙara a kan manyan littattafan da ke akwai. A 1961 Kerr White da abokan aikinsa sun fitar da lissafin da har yau ake kafa hujja da shi: cikin manya 1000, a wata guda kusan 750 za su ji wani ciwo, 250 za su je wajen likita, 9 za a kwantar, 1 kacal zai kai asibitin koyarwa. Sabon likita a kan wannan mutum ɗayan ya koyi aiki, sai kuma a ajiye shi gaban 250 ɗin. Shi ya sa kowane ciwon kai yake yi masa kama da ƙari a ƙwaƙwalwa.

23 ga Janairu

Shafin ciwon makogwaro ya kammala, amma sai da muka yi musu a kansa.

Yawancinsa bairos ne, cikin mako guda yakan tafi ko an sha antibayotik ko ba a sha ba. Wanda ake nema a tsinto shi ne na bakteriyar sitireb rukunin A. Ma'aunin da Centor ya fito da shi a 1981 alamu huɗu ne, kowace maki ɗaya: zazzaɓi, farar mugunya a kan tonsil, kaluluwa mai zafi a gaban wuya, da rashin tari. McIsaac ya shigo da shekaru a 1998, yaro ɗan 3 zuwa 14 a ƙara masa maki ɗaya, wanda ya kai 45 a rage masa ɗaya. Mai maki 0 ko 1 ba ya buƙatar gwaji, balle magani. Ko wanda ya haɗa alamun Centor huɗu cif, kaɗan ne ya ɗara rabi ake samun sitireb ɗin a cikinsu.

Musun a kan tsawon kwanaki ne. Jagorar hukumar NICE ta Ingila ta 2018 ta ce fenisilin na kwana 5 zuwa 10, kuma tana ja da baya sosai wajen ba da shi. Amma an rubuta ta ne don ƙasar da zazzaɓin rumatik ya kusa ɓacewa. Inda har yanzu ake ganin yara 'yan shekara 5 zuwa 15 da lalacewar murafen zuciya bayan ciwon makogwaron da ba a kula ba, lissafin ya sauya: a fi saurin bayarwa, kuma kwana 10 cur. Na rubuta duka biyun, da layi guda a sama cewa likita ya fara sanin wane irin wuri yake aiki. Jagora ba ta da laifi, ɗaukar ta daga wata ƙasa a dasa a wata ba tare da tambaya ba shi ne ɓarna.

A gidan sama: kasa haɗiye yawu, kasa buɗe baki, murya ta toshe, numfashi mai ƙara, ko beli ya karkata gefe guda. Yaron da ke zaune yana dalalar da yawu yana numfashi da ƙyar, kada a cusa masa katakon danne harshe, a tura shi gaba nan take.

4 ga Fabrairu

Mai kula da ɗakin magani ya leƙo da kokensa. "Likita, ka sa mini maganar koren kaki a shafin tari. Duk wanda kakinsa ya yi kore sai ya zo mini da takardar amoksisilin." Na sa. Launin daga wani sinadari ne da ke cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma yakan fito ko bairos ne ya kawo ciwon.

Abin da ya fi amfani a shafin nan lamba ce guda. Nazarin da Ebell da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya nuna tarin mura kan ɗauki kusan kwana 18, alhali mutanen da aka tambaya suna zaton mako guda ne ko ɗan fiye. Daga nan rikicin yake tashi. Mutum ya cika mako yana tari, hankalinsa ya tashi, a ba shi antibayotik na mako guda, ya gama, tarin ya fara lafawa don lokacinsa ya yi, maganin ya kwashe yabo. Badi ma shi zai nema. In tun ranar farko an ce masa tarin nan zai iya kai mako uku, rabin gardamar ta mutu.

Sai dai gidan ƙasa ya ba ni wahala, domin maganganu biyu sun ci karo. Tari na mako uku ba abin tsoro ba ne, amma tarin da ya kai mako biyu a inda tarin fuka ke yawo dole a gwada kaki. Na bar na biyun ya yi rinjaye: wanda ya cika mako biyu ya dawo, in akwai rama, gumin dare ko jini a kaki ya dawo tun kafin haka. Don tsinto namoniya ga babba: bugun zuciya sama da 100, numfashi 24 ko fiye a minti, zafin jiki 38, ko ƙarar da ba ta dace ba a ƙirji. A kuma duba katinsa ko yana shan lisinofiril ko danginsa, magungunan hawan jini masu haddasa busasshen tari.

Mun yanke cewa kowane antibayotik a littafin zai fito da launin rukuninsa, bisa rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2017: kore ga na farko-farko irin su amoksisilin, ɗorawa ga waɗanda ake sa wa ido irin su sifrofuloksasin, azitromaisin da seftiriyakson, ja ga na ajiya. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ƙasashe sun ɗauki alkawarin kashi 70 cikin 100 na antibayotik da ake sha ya zama daga koren rukuni kafin 2030. Likita in ya ga alƙalaminsa na yawan sauka a kan ɗorawa, ya san da magana.

19 ga Fabrairu

Hawan jini. Wannan ne ya ƙi zama a shafi ɗaya, kuma har yanzu ban gamsu da shi ba.

Tun a lambar farko aka rabu. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyaka zuwa 130/80 a 2017. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta tsaya a 140/90 wajen fara magani, sai ga mai ciwon zuciya da ta ce a fara tun daga 130 na lambar sama. NICE ta ce 140/90 a asibiti, 135/85 in a gida aka auna. Masu son a matsa ƙasa suna kafa hujja da binciken SPRINT na 2015, inda aka nemi lambar sama ta sauka ƙasa da 120, aka kuma ga raguwar ciwon zuciya da mace-mace. Gaskiya ne. Amma babu masu ciwon suga a cikin binciken, babu waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki, an sami ƙarin suma da taɓuwar ƙoda, sannan da na'ura mai sarrafa kanta aka auna bayan mutum ya huta minti 5. Awon da ake yi wa wanda ya shigo yana haki, yana magana, hannu a rataye, ba shi ne wancan ba. Na zaɓi 140/90 a matsayin ginshiƙi, da ɗan layi ga masu haɗari na musamman. A ganina mutumin da ke yawo da 170 bai san yana da shi ba ya fi cancantar ƙarfinmu a kan jayayyar 135 da 128.

Kusan sulusin shafin ya tafi a yadda ake awo: zama minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu daidai da zuciya, maɗauri daidai kaurin damtse, ba hira. Ƙaramin maɗauri a babban damtse yana ƙara lamba. Kuma ba a laƙaba wa mutum ciwon da zai sha wa magani har ƙarshen rayuwa da awon rana ɗaya.

Magunguna iri uku ne na farko: amlodifin da danginsa, masu sa fitsari na rukunin tayazaid, da lisinofiril ko losatan da danginsu. Yawancin mutane biyu za su buƙata, kuma in an sami ƙwaya ɗaya mai haɗe da biyun ta fi sauƙin riƙo. Binciken CREOLE na 2019, wanda aka yi a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara, ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin ferindofiril, ɗan'uwan lisinofiril, da tayazaid. Lisinofiril da losatan ba a ba mai juna biyu ko mai shirin ɗauka, ba a haɗa su da juna, kuma a gwada ƙoda da fotasiyam mako 1 zuwa 2 bayan farawa.

Inda sabbin likitoci suka fi rikicewa shi ne mutum ya zo da 190/115 yana zaune lafiya lau. Hannu na ƙaiƙayin a sauke lambar yanzu-yanzu. Abin tambaya shi ne ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, raunin ɓari, rikicewar tunani, dishi-dishin gani. In akwai ɗaya, gaggawa ce, a tura. In babu, a sake awo bayan hutu, a duba fitsari da ƙoda, a fara ƙwaya, a gan shi cikin 'yan kwanaki. Tsohuwar ɗabi'ar fasa nifedifin a ƙarƙashin harshe an daina ta, don faɗuwar jini farat ɗaya kan iya jawo shanyewar da ake gudu. Mai juna biyu da ta wuce mako 20 ita kam hukuncinta daban, 140/90 ma ya isa a duba furotin a fitsari a sanar da masu kula da ciki.

21 ga Fabrairu

Sista, wato babbar nas, ta mayar mini da shafin hawan jini da gyara ɗaya. Ta ce gidan ƙasa ya yi tsawo, kuma abin da ya kamata ya fara zuwa na sa shi a ƙarshe: maganin nan ba ya da ranar gamawa, saukar lamba alama ce yana aiki, kuma rashin ciwon kai ba ya nufin jini ya sauka. Na mayar da shi sama. An kuma rubuta a sayo manyan maɗaurai, tunda babu amfanin shafi ya ce a yi abin da babu kayan yinsa.

6 ga Maris

Ciwon baya. A nan gidan tsakiya kusan jerin abubuwan da ba za a yi ba ne.

Ba hoto a mako 6 na farko in babu alamar haɗari. Masu ciwon ba sa son jin haka, likitocin ma haka, don rubuta takardar hoto ya fi bayani sauƙi. Hujjar da na sa ita ce binciken Jensen na 1994: an yi wa mutum 98 da ba sa jin komai a bayansu hoton MRI, kashi 52 cikin 100 aka ga faifan ƙashin bayansu ya bultso aƙalla a wuri ɗaya, kashi 36 ne kawai nasu ya fito tas. Ke nan in ka ɗauki hoton mai ciwo, da wuya ka rasa abin nunawa, ko shi ne sanadi ko ba shi ba. Daga ranar da ya karanta takardar sakamakon sai ya ɗauki kansa mai karyayyen baya, ya daina sunkuyo, ya daina aiki, ciwon ya zauna.

Magani ma labarin ba daɗi. Binciken PACE na 2014 a Ostareliya ya nuna farasitamol bai fi ƙwayar banza ba a sabon ciwon baya. OPAL na 2023, a can dai, ya nuna haka ga magunguna masu ƙarfi dangin mofin, ga kuma haɗarin kamuwa da jarabarsu. Abin da ya rage: ibufurofen ko makamancinsa, mafi ƙarancin awo na 'yan kwanaki, in babu olsa, ciwon ƙoda ko juna biyu, ɗumi, da ci gaba da motsi. Kwanciya a gado na jinkirta warkewa.

Gidan sama shi ne matsewar jijiyoyin ƙarshen laka. Da na rubuta sunan kawai, Sista ta ce, "Likita, yaran nan kunya suke ji, ba za su tambaya ba. Rubuta musu tambayar yadda za su faɗe ta." Yanzu shafin na ɗauke da su baƙaƙe: in ka yi tsarki kana jin taɓawar kamar da? Fitsari na fita in ka so, yana tsayawa in ka so? Bayan gida ya taɓa kuɓuce maka? Ƙafafu biyun sun yi nauyi? Amsa ɗaya marar daɗi, a tura ranar. Sai zazzaɓi, rama, tarihin kansa, faɗuwa ga tsoho, da ciwon da ke hana barci ko an kwanta.

20 ga Maris

Ciwon suga nau'i na biyu ya zo da sauƙi wajen lambobi. Ana gane shi in suga kafin karyawa ya kai 7.0 ko 126 a ɗaya ma'aunin, ko awa biyu bayan shan ruwan suga na gwaji ya kai 11.1 ko 200, ko HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan watannin baya, ya kai 6.5. In babu alamu a maimaita. Na yi wa HbA1c gargaɗi da jan layi: ba a dogara da shi ga mai sikila, mai ƙarancin jini, mai juna biyu, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, tunda tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini yake bi.

Metfomin ne na farko tun bayan sakamakon binciken UKPDS na 1998. A fara da miligiram 500 tare da abinci, a ƙara a hankali saboda ɓacin ciki, a sake duba yawan maganin in lambar gwajin tacewar ƙoda ta sauka ƙasa da 45, a dakatar ƙasa da 30. Mai ciwon zuciya ko ƙoda yana da riba ta musamman a emfagiliflozin da danginsa, abin da ya fara bayyana a binciken EMPA-REG na 2015.

Abin da na fi so sabon likita ya ɗauka shi ne ba kowa ake kora zuwa lamba ɗaya ba. A binciken ACCORD, 2008, an matsa wa wani rukuni HbA1c ɗinsu ya sauka ƙasa da 6, sai aka dakatar da wannan ɓangaren kafin lokaci don sun fi mutuwa. Garin neman gira aka rasa ido. Ɗan shekara 45 da aka gano jiya, a neme masa 7 ko ƙasa. Tsohuwa mai shekara 80 da ke kwana ita kaɗai, 8 ya wadatar, kuma a nisanta ta da gilibenkilamaid, wanda kan kayar da suga ya daɗe bai tashi ba. A ƙasan shafin: a cire takalmi a duba ƙafa, a gwada ido da fitsari duk shekara.

2 ga Afrilu

Ciwon mafitsara, gajere. Mace marar ciki, ba zazzaɓi, ba ciwon kwiɓi: naitirofurantoyin kwana 3 a lissafin Ingila, 5 a na Amurka. Namiji da mai juna biyu kwana 7, kuma a tura fitsarinsu gwaji, sai dai ita ba a ba ta wannan maganin in haihuwa ta gabato. Sifrofuloksasin ba na ƙaramin ciwo ba ne, tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi a kansa, har da tsinkewar agara. Bakteriya a fitsarin wanda ba ya jin komai ba a yi mata magani, in ban da mai juna biyu da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari. Wannan layin tsofaffi aka rubuta wa, don su ne ake yawan ɗura wa antibayotik saboda tsinken gwaji ya canza launi.

15 ga Afrilu

An buga shafukan da suka kammala, sabbin likitoci sun fara yawo da su. Ra'ayinsu ya zo iri biyu. Gidan sama da na tsakiya sun ce sun san yawancinsu. Gidan ƙasa ne suke buɗewa a gaban majinyaci, wasu har karantawa suke yi. Ɗaya ta ce a baya in ba ta rubuta magani ba ji take kamar ta sallami mutum hannu rabbana, yanzu tana da abin ba shi. Saboda haka zan faɗaɗa wannan gida a duk shafukan, ko da zai ci daga na tsakiya.

Shafin zazzaɓin yara ya shiga layi. Jariri ƙasa da wata 3 mai zafin 38, a tura, ba dogon nazari. Numfashi a ƙirga minti guda cur yaro na natse: 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5, alamar namoniya ce. Kasa sha ko kama nono, amai da komai, jijjiga, nauyin barci, sanƙarewar wuya, faɗawar ƙirji, duk na gidan sama ne. Inda ake zazzaɓin cizon sauro, gwaji kafin magani, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2010. Farasitamol da nauyin yaro ake aunawa, miligiram 15 ga kowane kilo, kuma don ya ji sauƙi ake ba shi, ba don na'urar awo ta nuna 37 ba. Asfirin ba na yara ba ne. Ciwon kunne yakan lafa cikin kwana 3, don haka a ajiye antibayotik ga ɗan ƙasa da shekara 2 mai kunne biyu, ko wanda kunnensa ke zubar da mugunya, ko wanda jikinsa ya yi tsanani.

29 ga Afrilu

Shafin tarin magunguna a hannun tsofaffi ya ƙi shiga tsarin gida uku, tunda ba ciwo ba ne, aikin hannunmu ne. Misalin da na fara da shi kowa ya taɓa gani: an ba Baba amlodifin, idon sawu ya kumbura, wani likita ya ƙara furosemaid mai sa fitsari, fitsari ya dame shi da dare, jiri ya zo in ya miƙe, na uku ya rubuta maganin jiri mai sa barci, Baba ya faɗi a banɗaki. Kowane likita ya yi abin da ya ga ya dace a ranarsa. Akwai kuma haɗin nan uku mai kayar da ƙoda: lisinofiril, maganin fitsari, da ibufurofen ko daikulofenak da aka sha don gwiwa. Asfirin na kullum ga tsoho mai lafiya wanda bai taɓa ciwon zuciya ba, binciken ASPREE na 2018 ya nuna ƙarin zubar jini yake jawowa ba tare da ribar da ake zato ba.

Jerin Beers na 1991 da STOPP na 2008, masu lissafa magungunan da ya kamata a guje wa ga tsofaffi, sun yi tsawon da ba za su shiga aljihu ba. Mai kula da ɗakin magani ya ba da shawarar mu maye gurbinsu da umarni ɗaya da tambayoyi kaɗan: majinyaci ya zo da duk abin da yake sha a jaka, har wanda ya saya da kansa, a zazzage a kan tebur, a tambayi kowace ƙwaya wa ya rubuta ta, don me, har yanzu dalilin na nan? Sannan duk sabuwar alama ga tsoho a fara zargin magani kafin a ƙirƙiro sabon ciwo. Na yarda da shi, amma ina so a ƙara magungunan da ba a daina su farat ɗaya, irin su furednisolon da aka daɗe ana sha, atenolol, dayazifam da magungunan ciwon damuwa. A nan muka tsaya, shi yana ganin shafin zai cika, ni ina ganin barin su haɗari ne.

Za mu sake zama a kai mako mai zuwa tare da Sista. Asma da ciwon damuwa ba a taɓa su ba tukuna, kuma shafin hawan jini na jiran a rage masa layi huɗu kafin ya tafi wajen mai bugawa.